Kafin Ka Sayi Kyamarar Shiga Ruwa

Ruwa iri-iri ne, kuma kowanne da irin ɓarnar da yake yi wa kyamara. Akwai ruwan saman watan Agusta da kan ritsa da mai ɗaukar hoto a tsakiyar taron biki. Akwai ruwan kogi mai laka irin na Matan Fada a Argungu, inda masunta ke afkawa da homa da gora lokaci guda su dama shi. Akwai kandamin kiwon kifi, akwai ruwan Wikki na Yankari mai ɗumi da haske har ana hango yashin ƙasa, sannan ga na teku mai gishiri, a Legas ko a Bahar Maliya. Kafin ka tambayi farashi, fara yanke wa kanka wanne daga cikinsu kyamarar za ta riƙa shiga, da kuma iyakar zurfin da za ka kai ta. Da yawa daga masu sayen irin wannan kyamara ba sa wuce mita biyu ko uku da ita har ta tsufa, amma sai ka ga lambar zurfin da ke jikin kwali kaɗai suke dubawa.

Abu uku ake sayarwa da sunan "ba ta jin ruwa", kuma ba ɗaya suke ba. Akwai manyan kyamarorin ƙwararru da aka toshe musu kafofi saboda yayyafi da ƙura. Waɗannan za su jure ruwan sama, amma in suka faɗa kogi sai dai haƙuri. Akwai ƙananan kyamarori masu ƙarfin jiki da aka ƙera don a nutsa da su yadda suke, su ne waɗanda za mu fi tsayawa a kansu. Sai kuma kyamara ta gama-gari da ake sakawa cikin wani kwanso na roba mai tauri ko na alminiyam, irin wanda masu nutso a teku ke amfani da shi. Mai shago na iya haɗa maka su duka a baki ɗaya. Abin da zai raba gardama shi ne abin da kamfanin ya rubuta da kansa a littafin bayani.

Lambar IP da sharuɗɗan da ke bayanta

A jikin kwali ko cikin littafin za ka ga haruffan IP da lambobi biyu a gabansu, misali IP68. Wannan ma'auni ne na duniya da ake kira IEC 60529. Lambar farko ta ƙura ce, daga 0 zuwa 6, kuma 6 na nufin ƙura ba ta shiga ko kaɗan. Ta biyu ta ruwa ce. Idan 4 ce, na'urar na jure fantsalar ruwa kawai. Idan 5 ko 6 ce, tana jure feshi mai ƙarfi. Lamba 7 na nufin an nutsa ta zurfin mita 1 na tsawon minti 30 ba ta sha ruwa ba. Lamba 8 kuwa na nufin ta wuce haka, amma kamfanin ne ke faɗin zurfin da lokacin. Nan ne mutane ke ruɗewa. Wayar da aka gwada a mita ɗaya da rabi da kyamarar da aka gwada a mita 15 duk suna iya ɗaukar lamba 8. Don haka in ka ga 8 kar ka tsaya nan, nemi inda aka rubuta mita nawa da minti nawa. Idan kuma ka ga X a madadin lamba, kamar IPX8, ma'anarsa ba a ba da sakamakon gwajin wannan ɓangaren ba. Ga wanda zai riƙe kyamara a hunturun Kano ko Damagaram, lambar farkon nan ta fi ta biyu amfani a yawancin watannin shekara, don haka ya nemi 6.

Dalilin da ya sa zurfi ke da muhimmanci shi ne nauyin ruwa. Duk mita 10 da ka ƙara ƙasa, ruwa na ƙara danna kowane murabba'in santimita na jikin kyamara da nauyin kusan kilo ɗaya. Ɗauki murfin batir mai faɗin murabba'in santimita 10: a zurfin mita 15, kimanin kilo 15 ne ke danne shi, kuma ruwan na neman duk wata 'yar kafa da zai kutsa.

Sai dai alkawarin kamfani na da sharuɗɗa, kuma a ƙananan haruffa ake rubuta su. Gwajin ana yin sa ne da sabuwar kyamara, a ruwa mai tsabta da ke kwance. Yana kuma da iyakar lokaci: wasu awa ɗaya, wasu awa biyu. Ruwan da ke dukan kyamara da ƙarfi wani abu ne daban. Wanda ya yi tsalle daga kan dutse ya faɗa tafki da kyamara a hannu, ko ya tsaya da ita ƙarƙashin zubar ruwan Gurara, ko ya saka ta ƙarƙashin famfo mai ƙarfi, ya fita daga cikin alkawarin ko da zurfin bai kai kamu ɗaya ba. Haka ruwan zafi da ruwan sabulu. Kuma in kyamara ta taɓa faɗuwa ƙasa da ƙarfi, kamfanoni da kansu kan ce ba su ba da tabbacin tana nan yadda take wajen hana ruwa shiga ba, ko da tana aiki lafiya lau.

To, wayar hannu fa? Tambaya ce mai ma'ana, domin wayoyin zamani sun fi yawancin waɗannan kyamarori fitar da hoto mai kyau a tudu. Apple na cewa iPhone 12 da yawancin na bayanta suna jure mita 6 na minti 30, manyan wayoyin Samsung Galaxy S kuma mita ɗaya da rabi na minti 30. Amma an yi wannan ne don tsautsayi, kamar waya ta suɓuce ta faɗa bokiti, kuma garantin Apple bai haɗa da lalacewar da ruwa ya jawo ba. Ga shi fuskar waya ba ta jin taɓi a cikin ruwa. Sannan ka tuna abin da ke cikin wayar: lambobin mutane, manhajar banki, hotunan iyali. Idan ruwan sama ne kaɗai damuwarka, jakar roba mai kulle ta waya ta ishe ka, kar ka ɓata kuɗinka. Idan kuwa shiga ruwa sana'arka ce ko abin da kake yi a kai a kai, raba waya da kyamara ya fi.

Abin da ke kasuwa

Kyamarar da ake nutsawa da ita ba tare da kwanso ba ta daɗe. A 1961 aka fitar da Calypso a Faransa, wadda injiniya Jean de Wouters ya tsara wa kamfanin da ke da alaƙa da shahararren mai binciken teku Jacques Cousteau. Nikon ya karɓi tsarin a 1963 ya sa mata suna Nikonos, kuma aka ci gaba da ƙera ta har 2001. Wancan zamanin fim ne. A zamanin dijital kusan kowane babban kamfani ya yi tasa, sai wayar hannu ta cinye kasuwar ƙananan kyamarori, suka riƙa janyewa ɗaya bayan ɗaya. Nikon Coolpix W300 ta 2017 mai kai mita 30, Panasonic Lumix FT7 ta 2018 mai mita 31, da Fujifilm FinePix XP140 ta 2019 mai mita 25, duk an daina ƙera su. Idan ka gan su a shago, ko dai na hannu ne ko kuma sun daɗe a ajiye, kuma wannan na da nasa hukunci da za mu zo kansa.

Cikin waɗanda suka rage, wadda masu harkar suka fi ambata ita ce Tough TG. Olympus ne ya fara ta, ya fitar da TG-6 a 2019. Bayan ya sayar da sashen kyamarorinsa a farkon 2021, sabon kamfanin ya fitar da TG-7 a 2023 da sunan OM System. Kusan abu ɗaya ne su biyun; babban bambancin da mai saye zai ji a jikinsa shi ne TG-7 na caji da USB-C, irin wayar cajin da ke kowane gida yanzu. Tana jure mita 15 na awa ɗaya, faɗuwa daga mita 2.1, da danniyar kilo 100. Megafiksel 12 gare ta. Tana ɗaukar abu daga tazarar santimita 1, kuma akwai kwanson da aka yi mata mai kai ta mita 45.

Ricoh na da jerin WG, wanda yanzu ke fitowa da sunan Pentax. WG-6 ta 2019 da magajiyarta WG-8 suna kai mita 20, ƙanwarsu WG-90 kuma mita 14. Abin da ya bambanta su shi ne ƙananan fitilu shida da suka kewaye idon kyamarar. Ga mai kiwon kifi da ke son ɗaukar ciwon da ke jikin tarwaɗa ya tura wa likitan dabbobi, ko malamin gona da ke bin ƙwari a ganye, ko mai duba aikin gini, fitilun nan sun fi ƙarin mita biyar na zurfi amfani nesa ba kusa ba. Kodak Pixpro WPZ2 ita ce ta masu ƙaramin ƙarfi: mita 15, ba ta da wasu ƙyale-ƙyale, hotonta daidai gwargwado in akwai rana. A ɗaya gefen akwai SeaLife Micro 3.0, wadda aka rufe ruf ba ta da murfin da ake buɗewa, batir da ma'ajiyar gigabait 64 duk suna ciki, tana kai mita 60. Ta masu nutso ce zalla.

Wanda bidiyo ya fi damunsa ya duba ƙananan kyamarorin da ake ɗaurawa a goshi ko ƙirji ko kan kwalekwale. Yawancin GoPro, tun daga Hero5 Black ta 2016, suna shiga ruwa mita 10 ba kwanso, da kwanso kuma mita 60. DJI Osmo Action 4 na kai mita 18, Action 5 Pro mita 20. Sun ƙware wajen hana bidiyo rawa, kuma idonsu na da faɗi sosai. Illarsu ita ce ba sa jawo abu na nesa ta hanyar gilashi, kuma ba sa fitar da abin da ke dab da su sosai. In kana bakin kogi kana son fuskar masuncin da ke tsakiyar ruwa, ba za su ba ka ba. In kuwa kana cikin kwalekwalen tare da shi, babu kamarsu.

Game da zurfi, ga ma'auni mai sauƙi. Mai iyo a saman ruwa da ke ɗan nutsawa ya taso ba ya buƙatar fiye da mita 10. Masu takardar nutso ta matakin farko iyakarsu mita 18, kuma nutson shaƙatawa gaba ɗaya ba ya wuce mita 40. Wanda zai je can ya sayi kwanso, kar ya dogara da jikin kyamara.

Sai waɗanda suka cika shagunan intanet, masu launin ruwan ɗorawa ko shuɗi, marasa sanannen suna, an rubuta musu megafiksel 48 ko fiye da haka da farashin da bai kai na ƙaramar waya ba. Galibi manhaja ce ke hura hoton ya kai wannan lamba, jawowar da suke yi kuma yanko tsakiyar hoto ne a faɗaɗa. Ga yaro da zai yi wasa a wurin ninkaya ba laifi. Ga aiki kuwa, araha ba ta ado.

Abin da ke sa hoto kyau a ruwa

A nan ne ya kamata mai saye ya ɓata lokacinsa. Kusan duk waɗannan ƙananan kyamarori farantin da ke karɓar haske a cikinsu girmansa ɗaya, kimanin milimita 6 da milimita 4 da rabi. Ƙarami ne ƙwarai. In aka cusa megafiksel 20 a kansa, kowane ɗigo ya ƙanƙance ke nan, hasken da yake samu ya ragu. Shi ya sa mai 12 kan iya fin mai 20 tsabtar hoto in haske ya yi ƙaranci, kuma a cikin ruwa kullum haske ƙaranci yake yi. Kar yawan megafiksel ya ja ka.

Abin dubawa shi ne lambar da ke gaban harafin f a bakin idon kyamarar. Ita ke nuna faɗin kafar da haske ke bi, kuma ƙaramar lamba ita ce babbar kafa. TG-7 na farawa daga f/2.0, jerin WG daga f/3.5. A ido bambancin kamar ba yawa, amma ta farkon na shigar da haske kusan ninki uku. Ma'anarsa kyamarar za ta iya ƙifta ido da sauri, kifin da ke wucewa ya fito sarai maimakon ya zama zane. Ka lura dai cewa wannan lamba ta lokacin da ba ka jawo komai ba ce. Da ka jawo abu kusa kafar na tsukewa, a TG-7 har zuwa f/4.9.

Na biyu faɗin gani. Ruwa na karya haske, shi ya sa abu a cikinsa kan yi kamar ya ƙara girma da kashi ɗaya cikin uku, ya kuma matso kusa. Idon da ke da faɗin milimita 25 a tudu sai ya koma kamar mai 33 a ruwa. Don haka a wajen zaɓe, cikin lambobin milimita biyu da ake rubuta wa idon, ƙaramar ta fi babbar muhimmanci: mai farawa daga 24 ko 25 ta fi mai farawa daga 28, ko da ta biyun ta fi jawo nesa. A cikin ruwa ba a jawo abu, matsawa ake yi kusa da shi, domin duk ruwan da ke tsakaninka da abin da kake ɗauka rage kyan hoton yake yi.

Ruwa kuma na shanye launi. Ja ne ke fara tafiya, a wajen mita 5 ya kusa ɓacewa, sai ruwan lemo, sai ɗorawa, har a bar ka da shuɗi ko kore. Lissafin ya haɗa da duk tafiyar da hasken ya yi: in kana zurfin mita 3 kuma abin na nesa da kai mita 2, mita 5 ke nan. Saboda haka nemi kyamarar da ke da saitin launi na cikin ruwa, ko mafi kyau wadda za ka nuna mata farin abu ta daidaita kanta. Idan kana gyara hoto a kwamfuta, nemi mai ajiye hoto a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta matse ba. Da shi ake iya dawo da launin da ya gudu. Jerin TG na yin haka, yawancin masu araha ba sa yi.

Ga wata gaskiya da mai shago ba zai faɗa maka ba. A ruwa mai laka babu kyamarar da za ta ga abin da idonka bai gani ba. Kunna filasha ma ƙara dagula lamarin yake, don hasken na dukan ɓurɓushin da ke yawo a ruwan ya dawo cikin ido, kamar yadda fitilar mota ke yi a hazon hunturu. Yawancin kogunanmu da madatsun ruwa a damina haka suke. Wanda zai yi aiki a irin wannan ruwa ya sani cewa hotunansa masu kyau a saman ruwa zai same su: fantsala, jiƙaƙƙun fuskoki, taru na fitowa, kifi na tsalle a cikin gora. Amfanin kyamararsa shi ne zai shiga da ita har ƙirji ba fargaba. Irin wannan mai saye ya fifita saurin kama hoto, allon da ake gani a tsakar rana, da manyan maɓallan da jiƙaƙƙen yatsa zai iya dannawa. Wi-Fi da GPS suna da amfani bayan an fito, amma duk biyun ba sa aiki a ƙarƙashin ruwa.

A gaban mai shago

Duk ƙarfin kyamarar nan, rayuwarta na rataye ne da wata siririyar roba da ta kewaye murfin batir da na wurin caji. Nan ne ruwa ke shiga, kuma yawanci ba don an wuce zurfi ba. Gashi guda, zaren tawul ko ƙwayar yashi da ta kwanta a kan robar sun isa su buɗe hanya. Don haka in aka miƙo maka kyamara, kafin ka kunna ta buɗe murfin tukuna.

Kai ta wurin haske. Bi robar da ido daga farko har ƙarshe, sannan ka shafa ta da tsabtataccen yatsa. Ya kamata ta kasance da laushi, a ɗan tashe, ba tsaga, ba inda ta baje ko ta ɓantare. Duba gefen da take haɗuwa da shi a jikin kyamarar, kada a samu ƙarcewa ko lanƙwasa. Rufe murfin ka ji ya shiga da ɗan tauri ya yi ƙas. Masu kyau suna da makulli biyu, ɗaya na rufewa ɗaya na hana na farkon zamewa, kuma da yawa suna nuna wata alama mai launi in ba a kulle daidai ba. Kyamara mai murfi ɗaya ta fi mai biyu sauƙin tsaro.

In ta hannu ce, ƙara da leƙa ramin batir da fitilar waya. Farin gari, kore-kore a kan ƙarafan da batir ke taɓawa, ko tsatsa a kan sukurori, duk shaida ce ruwa ya taɓa shiga ko an bar gishiri ya bushe a jiki. Danna kowane maɓalli: wanda ke maƙalewa ko yake ƙaras-ƙaras akwai yashi ko gishiri a ƙarƙashinsa. Kalli cikin gilashin ido da gefen allo ko akwai tabon raɓa. Lotsewa a kusurwa na nufin ta sha faɗuwa. Kuma ka riƙe cewa roba na tsufa ko ba a taɓa amfani da ita ba. Littattafan bayanin kamfanoni irin su Olympus na ba da shawarar a canza ta duk shekara. Kyamarar da ta yi shekaru a kwali cikin zafin shago sabuwa ce a ido kawai. Tambayi inda za a canza maka robar kafin ka biya. Idan babu amsa, ka saye ta a matsayin kyamarar ruwan sama da ƙura, farashin ma ya sauka daidai da haka.

Sai gwajin bokiti, kuma a gaban mai shago ya fi, da yardarsa, kafin kuɗi su bar hannunka. A kulle murfi, a kashe kyamara, a nutsa ta a hankali cikin ruwa mai tsabta. 'Yan ƙwayoyin iska da ke manne a jiki ko suke fita daga ramukan lasifika ba komai ba ne. Abin tsoro shi ne iskar da ke fitowa a jere ba tsayawa daga bakin murfi. Da ka ga haka, cire ta nan take. In shiru, bar ta minti kaɗan, fito da ita, goge ta ta bushe sarai, sannan ka buɗe murfin yana kallon ƙasa ka duba ko akwai laima. Bokiti ba zai gaya maka abin da zai faru a mita 10 ba, amma yana tona asirin robar da ta mutu. Kwanso kuwa a fara gwada shi babu kyamara a ciki, da 'yar takardar tishu a madadinta.

Kar ka bar shagon ba ka tambayi batir ba. Waɗannan kyamarori kowacce da irin nata, kuma wanda aka daina ƙera kyamararsa samunsa kan yi wuya. Sayi na biyu tun yanzu. Katin ajiya ya zama babba yadda ba sai ka buɗe murfi a bakin ruwa ba, kuma in za ka ɗauki bidiyon 4K nemi mai alamar V30 ko U3, wato mai rubuta aƙalla megabait 30 a daƙiƙa. Abu na ƙarshe shi ne mafi araha kuma shi aka fi mantawa: maɗaurin hannu mai taso da kyamara sama. Kyamarorin nan ba sa yawo a saman ruwa. TG-7 ta kai kusan giram 250, in ta suɓuce a kogi ta tafi ke nan. Gwada maɗaurin a bokitin nan ka tabbatar yana iya ɗaukar nauyinta.

Bayan ta zama taka

Zafi ne babban abokin gabarta a yankinmu. Yawancinsu an rubuta su yi aiki daga digiri 10 ƙasa da sifili zuwa digiri 40. Sanyin bai dame mu ba, amma a watan Afrilu Sakkwato da Maiduguri da Yamai na haura 40, cikin motar da aka rufe a rana kuwa ya fi haka sosai. Zafi na busar da roba, yana kuma cin batir. Kar a bar ta a gaban mota ko a kan yashi. Lulluɓe ta da farin ƙyalle in za ta jira a rana.

Buɗe murfi a ɗaki ake yi, da busasshen hannu, ba a bakin kogi ba, ba kuma a cikin iskar hunturu ba. Duk lokacin da za ka rufe, sake bin robar da ido, ka share ta da ƙyallen da ba ya zubar da zare. Buɗewa a ɗaki na taimakawa wajen hana gilashin yin hazo ma. In ka rufe kyamara da iska mai laima a cikinta sannan ka tsoma ta a ruwa mai sanyi, gilashin zai yi hazo daga ciki, hoton ya fito fari-fari. Idan hakan ta faru, kai ta inuwa inda yake a bushe, cire batir da kati, ka bar murfin a buɗe har hazon ya washe. Masu kwanso kan saka 'yar jakar ƙwayoyin shan laima, irin wadda ake samu a kwalin sabon takalmi.

Bayan ruwan teku ko na laka ko na wurin ninkaya mai magani, jiƙa ta cikin ruwa mai daɗi kamar minti 10 tana kulle, kana ɗan danna maɓallan don abin da ya maƙale ya fita. Kar a jira gobe, domin gishiri in ya bushe daskarewa yake yi ya ci roba da ƙarfe. Ban da sabulu, ban da ruwan zafi, ban da na'urar busar da gashi. A shanya ta a inuwa. Man shafawa na kariya daga rana da turare su ma a goge su daga jiki in sun taɓa.

In kuwa tsautsayi ya faɗa ruwa ya shiga, kashe ta nan take kuma kar ka sake kunnawa don ka ga ko tana aiki, wannan gwajin ne ke ƙone ta. Cire batir, cire kati. Katin yawanci yana tsira: ɗauraye shi da ruwa mai tsabta, bar shi ya bushe sosai, sannan ka saka a kwamfuta ka kwashe hotunanka. Batirin da ya sha ruwa kar a sake caja shi. Kyamarar kuma a bar murfinta a buɗe a kai wa mai gyara da wuri, ranar in zai yiwu, musamman in ruwan gishiri ne. Binne ta a cikin shinkafa ba ya cire gishiri ko laka, sai dai ya ƙara mata gari a ciki ya kuma cinye kwanakin da mai gyara zai iya ceto wani abu.